Ramin da Balbaara Ta Tona a Shingenta

Balbaara uku gare mu a Sulustah, amma in ka ce Balbaara mai sanda babu wanda zai sake tambayarka wacce. Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, bakinta kamar reza. Shekara talatin da ɗaya tana aiki guda. Duk bayan kwana goma, daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, takan saɓi sandar ƙarfe mai tsini ta hau Tudun Dawaki, ta soka ta a ƙasa, ta danna da nauyin jikinta har tsinin ya ci karo da ƙasar nan ta can ciki wadda ba ta narkewa. Sai ta kama sandar daidai inda ta taɓa gansakuka, ta zaro, ta karanta, ta rubuta. Da hunturu kuma ta auna kaurin dusar ƙanƙara, ta bi sanyi tana duba yadda yake nutsawa. Ƙarshen wata ta aika wa masu bincike a birnin Yakutsk.

'Yar makiyayin dawaki ce, a kan tudun nan ta girma. Tana da shekara ashirin da bakwai tsoho Habirilla, wanda ya kafa wurin awon, ya ce idonsa ya daina ganin layukan sanda, ya miƙa mata aikin da littattafansa. Wurin awon ba wani fili ba ne, taku goma ne a tsaye, taku goma a kwance, an kewaye shi da shinge, an jera katakai a ciki. Habirilla bai yi mata doguwar huɗuba ba. Ya ce ƙafa kada ta taɓa ƙasar cikin shingen, ko tata ko ta wani, domin gansakuka bargon ƙasa ce, in aka tattake ta lissafi ya lalace.

Ta riƙe maganar fiye da yadda shi kansa ya nufa. Shanu sun sha duka a hannunta, yaran gari sun sha jan kunne. Wata shekara da aka yi fari ingirici ya yi wuya, mijinta Legentei ya tsaya da lauje yana kallon ciyawar da ta yi shar a cikin shingen, kallo kawai, bai yanka ba, amma sai da ya yi kwana uku yana dafa wa kansa shayi. Akwai shekarun da birni ya manta da mu gaba ɗaya, babu mai amsa wasiƙa, babu mai tambayar ko tana raye. Ita dai ranar goma ga wata tana kan tudu da sandarta, sauro na cinta.

Lambobinta kuwa ba su taɓa ba ta kunya ba. Ƙarshen kowane lokacin zafi, santimita ɗari da sha biyar, ɗari da sha takwas, in ya yi yawa ɗari da ashirin. Gari ya cika da kukan cewa zafi ya ƙaru, rumbunan ƙasa da muke ajiye nama da ƙanƙarar sha sun soma ɗigar ruwa, amma Tudun Dawaki ko gezau. Balbaara tana alfahari da haka kamar ita ta haifi tudun, kuma ba ta ɓoyewa.

Sai kogi ya soma yi mana rashin mutunci. Sau biyu cikin shekara huɗu ƙanƙara ta toshe kwanar kogin a watan Mayu, ruwa ya shigo unguwar gangare har bakin tagogi. Gida goma sha huɗu ne a wurin, ciki har da na Tuyaara, 'yar Balbaara tilo, da mijinta da yaransu biyu. Hukuma ta ce za a tashe su, a nemi wuri. Kowa ya ɗaga kai ya dubi Tudun Dawaki. Aka turo wani mai bincike daga birni, Micil, mutum mai ladabi, siriri, mai tabarau, ya duba ko ƙasar za ta ɗauki gidaje.

Aikin Micil shi ne ya gina ƙasa a cikin kwamfuta. Yakan zuba mata zafin iska, da dusar ƙanƙara, da irin turɓayar wurin, ita kuma ta lissafa zurfin da ƙasa za ta narke da zafi da yadda za ta sake daskarewa da sanyi, shekara bayan shekara, har gaba inda ba mu kai ba. Kafin a yarda da ita sai ta iya faɗin abin da ya riga ya wuce, kuma nan littattafan Balbaara suka shigo. Da farko na'urar ta yi gardama, ta ce da irin zafin nan ya kamata a ce narkewar ta zarce haka. Micil ya ce to lallai bargon gansakukar tudun ya fi yadda ya zata kauri, ya gyara wannan wurin, lissafi ya hau kan lambobin Balbaara daram.

Ƙarshen Agusta aka tara mu a zauren gari. Micil ya haska taswira a bango, tudun duk kore, ya ce shekara hamsin ƙasar nan ba za ta motsa ba. Sannan ya ce a duk yankin bai ga littafi mai tsabta da na Inna Balbaara ba, ba don ita ba da lissafinsa tatsuniya ce. Aka yi tafi. Balbaara ta haɗe rai kamar an zage ta, amma a gida Legentei ya ji tana 'yar waƙa tana tatsar saniya. Shugaban gari Bahilai, wanda ajinsu ɗaya da ita a makaranta, ya raba filaye aka kafa turaku, aka ce watan Maris za a dasa ginshiƙan gidaje.

Ranar goma ga Satumba an kwana ana ruwa, hanya ta zama taɓo, keken Balbaara ba zai hau ba. Ta ari dokin Legentei, ita da rabonta da sirdi an fi shekara ashirin. A bakin tudun, kusa da shingenta, akwai turken da mahaifinta ya kafa shekarar da ya yi aure. Irin turakunmu ne na ɗaure doki, masu wuya uku da aka sassaƙa a jiki: na sama don dawakin mutanen sama, na tsakiya namu, na ƙasa kuwa na mutanen ƙarƙashin ƙasa ne, kuma babu mai rai da zai ɗaura igiya a wurin. Ta sauka, ta zagaya igiya yadda hannunta ya saba tun tana budurwa, daidai ƙirji, ta ja ƙulli. Da ta duba sai ta ga a wuyan ƙasa ta ɗaura.

Ta kwance da sauri tana tofar da yawu. Wuyan tsakiya yana daidai goshinta. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, domin ta san tsufa kan rage tsawon mutum, amma ba da kamu guda ba.

Ta buga wa Micil waya daga nan inda take tsaye.

"Inna, ai wannan ba abin damuwa ba ne," in ji shi, da dariya a muryarsa. "Sanyi ne ke turo itace sama. Dubi shingayen garinku mana, duk sun miƙe."

"Ni za ka koya wa shinge? Ubana ya binne turken nan tsawon mutum da rabi a cikin daskararriyar ƙasa. Wata biyu yana haƙa."

"To ko da haka ne. Itace dai itace ne."

Ta kashe wayar. Maganarsa gaskiya ce, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. A gida ta janyo akwatin Habirilla daga ƙarƙashin gado, ta zaro littafin farko. A kusurwar shingen akwai wani bututun ƙarfe da aka nutsa mita ashirin cikin ƙasa don zura ma'aunin zafi, an daina amfani da shi tun da igiyar ta tsinke ba a aiko da wata ba, har ta daina ganinsa ko tana wucewa. Sanyi ba ya iya turo abin da aka kafa mita ashirin. A shafi na biyu tsohon ya rubuta da hannunsa mai kyau cewa bakin bututu yana santimita hamsin bisa ƙasa. Washegari ta auna, ta sake aunawa, ta goge tabarau ta auna na uku. Casa'in da huɗu.

Nan ta zauna a kan katako. Ta gane abin da ya faru, kuma da ta gane sai ta ga ko yaro zai gane. Ita daga saman ƙasa take fara ƙirgawa. In abin da ke can ciki ƙanƙara ce zalla, duk shekara ta narke kaɗan ta zama ruwa ta tsiyaye, to saman ƙasar sai ya sauka ya bi ta, sandar kuma ta ci gaba da nuna ɗari da sha takwas har abada. Ba ta taɓa rubuta ƙarya ba, amma shekara talatin da ɗaya tudun yana nutsewa da ita a kai, tana aika wa birni cewa lafiya lau. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya, sannan tsoro ya biyo baya, domin turken filin Tuyaara yana nan taku arba'in daga inda take zaune.

Ta sake buga wa Micil waya, wannan karon bai yi dariya ba.

"Lamba ɗaya ce, Inna," ya ce. "Za su ce tsohon ya yi kuskuren rubutu. Manyana sun riga sun sa hannu, ba za su janye takarda don bututu ba. Sai dai a ga abin da ke ƙasan da ido, motar haƙa kuma sai baɗi."

"Baɗi gidajen suna tsaye."

"Na sani."

Ta tafi wurin Bahilai ta ce a bar ta ta tona rami ɗaya a tudun. Ya dube ta kamar ta zo da wuta a hannu.

"A filin wa? Ke kin san rami a tudu yau rami ne, baɗi kududdufi, baɗin baɗaɗa tafki. Wa zai yarda a tona masa? Haba Balbaara, ba a fafe gora ranar tafiya. Jiya-jiya aka tafa miki."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi, Bahilai. Tun muna aji uku kai lissafi ba ya shiga kanka."

"Naki da ya shiga ai ga inda ya kawo mu," ya ce, ya buɗe mata ƙofa.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Tuyaara tana tsaye a tsakar gida da ƙaramin ɗanta a hannu, ko zama ba ta yi ba.

"Inna, me na yi miki? Sau biyu ina kwana a kan rufi da yara. Bangona har yau warin taɓo yake. An ba ni fili, ke kuma kin tashi za ki rushe don wani tsohon bututu?"

"Gidan zai karye da ku a ciki, 'yar nan."

"Yaushe? Shekara ashirin? Ruwa kuma watan Mayu zai zo. Ki bar shi mana, wa zai sani?"

"Ni," in ji Balbaara.

Tuyaara ta juya ta fita, ba ta ko ɗauki madarar da ta zo karɓa ba.

Wuri ɗaya ne a duk tudun da Balbaara ba ta bukatar izinin kowa, kuma ta san shi tun kafin ta je wurin Bahilai, ta dai yi ta kewaye-kewaye ne. Ta kuma san farashinsa. Ƙasar da aka tona ba ta sake aunuwa, littafin da Habirilla ya fara ita ta ci gaba a nan zai tsaya. Da safe ta soya fanke, ta ɗauki shebur da diga. Legentei yana gyaran ragar kifi ya ɗago kai.

"Tsohuwa, ina zuwa da diga?"

"Shinge."

"Wane shingen? Wanda na kalli ciyawarsa na yi kwana uku ba abinci?"

"In za ka zo ka zo, tsoho, in surutu za ka yi ga raga nan."

Ya ajiye ragar yana gunaguni, ya ɗauko bokiti biyu.

A bakin shingen ta ajiye fanke uku da man shanu a kan ciyawa, ta nemi gafarar ƙasa kamar yadda ake yi kafin a huda ta. Sannan ta sauka daga kan katako. Gansakukar ta lotsa a ƙarƙashin takalminta, taushi kamar katifa, kuma wannan ne karo na farko da ta ji yadda take. Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba, tana kuka tana yanka da bakin shebur.

Aikin ya ci kwana tara. Turɓayar sama ba wuya, amma daga gwiwa zuwa ƙasa taɓo ne mai sanyin da ke shiga ƙashi, kuma duk safiya sai sun kwashe ruwan da ya taru kafin su ci gaba. Bango ya rufta sau biyu, Legentei ya kwance katakan da take takawa ya tokare shi da su. Mutanen gangare sukan hau su tsaya daga nesa suna kallo, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce yabon da aka yi mata ne ya hau mata kai. Tafin hannunta ya fashe, ta naɗe da tsumma. Rana ta bakwai diga ta yi ƙara a ɗari da sha takwas cif, Legentei ya ce to ga lambarki nan, ko yanzu ba ta yi ƙarya ba. Ƙarƙashin wannan akwai kamu ɗaya na daskararren taɓo mai taurin dutse. Rana ta tara da hantsi wani guntu ya tashi ya bugi kumatunta, ta ɗauka ta duba, tana hango yatsunta ta cikinsa. Ta share da hannu, ƙasan ramin gaba ɗaya ƙanƙara ce. Suka sara tsawon hannu ba su ga ƙarshenta ba.

Legentei ya yanko gunduwa da zarto, suka ɗora a baro cikin kwanon wanki. Balbaara ta tura shi da kanta ta tsakiyar gari, taɓo har gashin kai, ta shiga ofishin Bahilai ba sallama, ta dire kwanon a kan takardunsa kusa da murhu.

"Kada ka taɓa. Zauna ka kalla."

Ya dubi hannayenta, ya zauna. Aka kawo shayi suka sha. Kafin la'asar kwanon ya cika da ruwa, a gindinsa ɗan taɓon da bai fi cokali uku ba.

"Ga filin da ka raba," ta ce.

Bahilai ya shafa fuska, ya ɗauki waya.

Micil ya iso bayan kwana uku, ya sauka ramin da takalmansa na birni, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zauna a bakin shingen ya buɗe kwamfutarsa a cinya, ya mayar da kaurin gansakuka a lissafi yadda yake tun farko, ya zuba ƙanƙarar a inda ya gan ta, ya ɗora gidaje da hanya a kai. Taswirar ta juye ja. Cikin shekara goma sha biyar tudun zai sauka fiye da mita, kuma ba tare zai sauka ba, nan ya lotsa can ya tsaya.

"Na'urar ta faɗa mini tun farko," ya ce a hankali. "Ni na toshe mata baki, don na fi yarda da littafinki." Ya dubi tarin taɓon da ke inda gansakuka take a da. "Inna, kin san wurin nan ya mutu ko?"

"Ni na kashe shi, zan rasa sani? Rubuta abin da za ka rubuta. Ka sa cewa daga sama nake aunawa, kada wata ta sake."

Ba a dasa ginshiƙi ko ɗaya a watan Maris ba. Aka ce sai an duba wani tudun yashi, kilomita biyar daga gari, nesa da tafkin da muke yanko ƙanƙarar sha, nesa da makaranta, tashi kuma sai wata shekarar. Babu wanda ya tafa. Rabin unguwar gangare suka daina gaishe ta, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba, domin wanda ruwa ya taɓa kora ba ya jin lissafin shekara goma sha biyar. Tuyaara ta yi hunturu guda ba ta taka gidan uwarta ba. Abin ya ci Balbaara ƙwarai, ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta ce da ta sani ba.

Watan Mayu kogi ya zo, kamar yadda Tuyaara ta faɗa. Kwana huɗu ruwa yana cikin gidajen. Ranar da ya janye Balbaara ta saɓi shebur ta gangara, ba wanda ya kira ta. Ta tarar da 'yarta a durƙushe tana kankare taɓo daga katakon daɓe, katifu a shanye a kan shinge, murhu ya tsage. Ta kama daga ɗaya kusurwar. Suka yi ta aiki har rana ta take, ba abin da ake ji sai ƙarar ƙarfe a kan katako.

"An ce jibi za a kafa turaku a tudun yashi," in ji Tuyaara, ba ta ɗago ba.

"Na ji."

"In kika je can ma kika ga wani abu fa?"

"Sai in faɗa."

Tuyaara ta watsar da taɓon da ke bokiti ta taga, ta tsaya tana kallon waje, ta goge hanci da bayan hannu.

"Ban huce ba, Inna, kada ki zata na huce."

"Ban zata ba."

"Filina na uku ne daga bakin hanya. Ɗakin yara ta gabas zai kasance. Ki fara tona nan kafin su sa komai."

Balbaara ta ce to, ta ci gaba da kankara.